Clara Schumann, Makaɗiyar Fiyano Kuma Malamar Makaɗa

1. Abin da ake kira fiyano

A ƙasashen Turai akwai wani abin kiɗa da ake kira fiyano. Babban akwati ne mai nauyi ƙwarai, sai ƙarti sun taru kafin su iya ɗaga shi. In aka buɗe murfinsa, sai a ga wayoyin ƙarfe fiye da 200 a miƙe a ciki, an ɗaure su tamau kamar tsirkiyar molo ko ta garaya. Waɗansu dogaye ne masu kauri, su ke ba da babbar murya. Waɗansu kuwa gajeru ne sirara, muryarsu ƙarama.

A gaban akwatin akwai madannai a jere. Fiyanon zamanin yanzu yana da madanni 88, watau farare 52 da baƙaƙe 36. Kowane madanni yana haɗe da wata 'yar guduma wadda aka naɗe kanta da ulu. Da makaɗi ya danna da yatsa, sai gudumar ta tashi ta bugi waya ta koma. Da ya ɗage yatsansa, sai wani ɗan ƙyalle ya sauka bisa wayar ya tsai da ƙarar.

Wani Bature mutumin Italiya, mai suna Bartolomeo Cristofori, shi ya fara ƙera fiyano a birnin Florence wajen shekarar 1700. Abin da ya sa aka yi murna da shi, in ka danna a hankali sai ya yi murya mai taushi, in ka danna da ƙarfi sai ya yi murya mai ƙarfi. Cikakken sunansa ma da Italiyanci abin da yake nufi ke nan: mai taushi da mai ƙarfi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani tun da fari. Turawa sukan rubuta kiɗansu a takarda, da waɗansu alamomi bisa layuka biyar biyar. Saboda haka aikin ya rabu biyu. Akwai mai tsara kiɗa, wanda ke ƙaga shi ya rubuta. Akwai kuma makaɗi, wanda ke karanta takardar ya mai da ita sauti. Mai tsara kiɗa yana iya mutuwa da shekara ɗari, amma kiɗansa yana nan a takarda, yana jiran wanda zai kaɗa shi daidai. In fitaccen makaɗi ya zo gari, mutane sukan sayi tikiti su shiga babban zaure su zauna shiru suna sauraro, ba rawa, ba hira, sai ya gama kana su tafa masa.

Wannan darasi labarin wata mace ce da ta yi fiye da shekara 60 tana wannan sana'a, ta riƙe gidanta da ita, sa'an nan ta koyar da ita ga waɗansu. Sunanta Clara Schumann, ana faɗin sunan na biyu kamar "Shuman".

2. Yarinyar da ta yi jinkirin magana

An haifi Clara ran 13 ga Satumba, 1819, a birnin Leipzig, cikin ƙasar Jamus. A zamanin nan Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, sarautu ne da yawa, kowace da sarkinta. Sunan ubanta Friedrich Wieck. Malamin fiyano ne, yana kuma da kanti inda yake sayar da fiyano. Uwarta, Marianne, mawaƙiya ce, ta kuma iya fiyano sosai.

Clara ta yi jinkirin magana. Sai da ta kai shekara 4 kafin ta soma haɗa kalmomi, har mutanen gida suna tsammani ko ba ta ji sosai ne. Tana da shekara 5 iyayenta suka rabu. Bisa ga dokar ƙasar, 'ya'ya na uba ne, saboda haka aka raba ta da uwarta ta koma hannun ubanta.

Tun ba a haife ta ba Wieck ya ƙudura a ransa cewa ɗansa zai zama babban makaɗi, domin duniya ta ga irin koyarwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace rana yakan koya mata na sa'a ɗaya, ita kuma ta yi sa'a biyu tana maimaitawa. Bai yarda ta wuce haka da yawa ba, gama a ganinsa yaron da ya gaji ba ya koyon kome. Bayan wannan sai su fita yawo a ƙasa na sa'o'i, ko ana sanyi ko ana zafi, domin jikinta ya yi ƙarfi. Wannan al'ada ta yawo ba ta bar ta ba har tsufanta. Ya ɗauko mata malamai suka koya mata waƙa, da gogen Turawa, da yadda ake tsara kiɗa, da Faransanci da Ingilishi.

Babban abin da ya dasa mata shi ne, kada a daki fiyano kamar ana sussuka. A taɓa shi yadda zai yi murya kamar ta mawaƙi.

Amma Wieck mutum ne mai zafin rai. Ya buɗe wani littafi na rubuta labarin kowace rana da sunan 'yarsa, yana rubutawa kamar ita ce ke magana, har da laifofinta, ita kuwa tana karantawa. Wata rana, tana da shekara 9, ta yi kiɗan da bai gamshe shi ba, sai ya yayyaga takardar kiɗan a gabanta. Kun ga ke nan ta sami malami gwani, amma ba ta sami sake irin na sauran yara ba.

3. Ta yi suna tun tana ƙarama

A Leipzig akwai wani shahararren zauren kiɗa da ake kira Gewandhaus. A nan Clara ta fara fitowa gaban jama'a ran 20 ga Oktoba, 1828, tana da shekara 9. A watan Nuwamba na 1830 kuma aka shirya taro domin ita kanta a wannan zaure, tana da shekara 11.

A watan Satumba na 1831 ubanta ya ɗauke ta suka kama hanyar Faris, babban birnin Faransa. Ba jirgin ƙasa a wannan hanya a lokacin, sai keken doki. Suna tafe suna yada zango a garuruwa, ubanta ya nemi zaure, ya buga sanarwa, ya sayar da tikiti, ita kuma ta yi kiɗa. A garin Weimar ta yi wa Goethe kiɗa, watau babban marubucin Jamus, yana da shekara 82. Da ya ga kujerar ta yi mata ƙasa, shi da kansa ya ɗauko matashi ya sa mata. Bayan haka ya ba ta wata lamba ta tagulla mai hotonsa. Ba su isa Faris ba sai a watan Fabrairu na 1832. Suka yi rashin sa'a annobar kwalara ta faɗo wa birnin, mutane suna ta gudu, taron da ta yi bai cika ba. Suka komo gida ba wata riba mai yawa.

Wannan bai karya mata zuciya ba. Ta ci gaba da koyo, har ta soma tsara kiɗa nata na kanta. Tana da shekara 16, a 1835, ta kaɗa wani dogon kiɗa da ta tsara domin fiyano tare da ƙungiyar makaɗa. Felix Mendelssohn, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na zamanin, shi ya shugabanci makaɗan a ran nan.

Daga Disamba na 1837 zuwa Afrilu na 1838 tana Biyana, babban birnin Ostiriya, garin da Mozart da Beethoven suka zauna. Mutanen Biyana sun san kiɗa, ba a ruɗinsu. Duk da haka suka yi ta tururuwa zuwa tarukanta. A watan Maris na 1838 Sarkin Ostiriya ya ba ta sarautar makaɗiyar fada, wadda ita ce daraja mafi girma da ake bai wa makaɗi a ƙasar. Shekarunta 18 kacal, ga ta baƙuwa.

4. Aure

Tun 1828 wani saurayi mai suna Robert Schumann ya soma ɗaukar karatun fiyano a wurin Wieck, har daga baya ya zauna a gidan kamar shekara guda. Ya girme Clara da shekara 9. Burinsa ya zama makaɗi, amma yatsan hannunsa na dama ya sami lahani, dole ya bar wannan buri ya koma tsara kiɗa da rubutu a jarida.

Da Clara ta girma, suka so juna, suka yi alkawarin aure a 1837. Wieck ya ce faufau bai yarda ba. Ya ce Robert ba shi da abin da zai riƙe mace, ya kuma ji tsoron aure zai kashe sana'ar da ya yi shekara da shekaru yana ginawa. Ya hana su ganin juna, har ya riƙe kuɗin da Clara ta tara da kiɗanta. A 1839 ta tafi Faris ba tare da shi ba, ita ke neman zaure, ita ke lissafin kuɗi, abin da 'yan mata ba su saba yi ba a lokacin.

Dokar ƙasarsu ta ba da dama, in uba ya hana aure ba da hujja ba, a kai magana gaban alƙali. Aka yi fiye da shekara ana shari'a. Daga ƙarshe alƙalai suka ba da izini, aka ɗaura aure ran 12 ga Satumba, 1840, ana gobe Clara za ta cika shekara 21. Sai a ƙarshen 1843 aka yi sulhu tsakanin Wieck da surukinsa. Ko da yake Clara ta sha wuya a hannun ubanta, har ta tsufa ba ta daina cewa shi ya ba ta sana'arta ba, in kuwa ta ji ana zarginsa sai ta kāre shi.

Zaman aure ya zo da nasa wahalhalu. Bangon gidansu ba shi da kauri, saboda haka in Robert yana tsara kiɗa ba dama ta taɓa fiyanonta, sai ta jira ya fita. Tsakanin 1841 da 1854 ta haifi 'ya'ya 8, ɗaya ya rasu yana jariri. Duk da haka ba ta bar kiɗa ba. Ta je Denmak a 1842, ta je Rasha a 1844, kuɗin da take samowa kuwa suna taimakon gidan ƙwarai. Kusan duk abin da mijinta ya tsara domin fiyano, ita ke fara kaɗa shi a gaban jama'a. A lokacin nan ta fi shi suna nesa ba kusa ba, ta hannunta mutane da yawa suka san shi.

Ga wani abu da zai nuna muku ƙarfin zuciyarta. A watan Mayu na 1849 suna zaune a Dresden, sai tawaye ya tashi, ana ta harbe-harbe a tituna. Ta fitar da mijinta da babbar 'yarsu zuwa wani ƙauye. Sa'an nan ta tashi da tsakar dare, tana da tsohon ciki, ta koma cikin birnin ta kwaso sauran 'ya'yanta 3 ta fito da su lafiya.

5. Nauyin gida ya komo kanta

A 1850 suka ƙaura zuwa Düsseldorf, a bakin kogin Rhine, inda aka bai wa Robert aikin shugaban makaɗan gari. A 1853 wani saurayi ɗan shekara 20, mai suna Johannes Brahms, ya zo gidansu ya kaɗa musu abin da ya tsara. Suka gane nan take cewa zai zama babban mutum. Tun daga ran nan ya zama aminin gidan.

Robert ya daɗe yana fama da ciwon da ke taɓa hankali. A watan Fabrairu na 1854 ciwon ya yi tsanani, aka kai shi wani asibiti kusa da birnin Bonn. Likitoci suka hana Clara zuwa ganinsa fiye da shekara 2, sai da ya rage kwana biyu ya rasu kana ta gan shi. Ya rasu ran 29 ga Yuli, 1856. Ya bar ta tana da shekara 36, da 'ya'ya 7, autansu ɗan shekara 2 wanda bai taɓa ganin ubansa ba.

Tun Robert yana asibiti abokan arziki suka so su shirya taron kiɗa a tara mata gudummawa. Ta gode musu, amma ta ƙi. Tana da sana'a a hannunta, ta fi so ta ci guminta. Sai ta koma tafiye-tafiye gadan-gadan. Da kaka ta yi sai ta fita, ba ta zauna ba sai bazara: yau tana wannan birni, jibi tana wancan, ta kwana a jirgin ƙasa, ta sauka ta hau fiyano. Ta je Holan, da Beljiyam, da Ostiriya, da Suwizalan, ta sake komawa Rasha. Ingila kuwa ta fara zuwa a 1856, ta yi ta komawa har sau 19, na ƙarshe a 1888. Sau da yawa takan yi kiɗa tare da Joseph Joachim, gwanin gogen Turawa, sun yi taro fiye da 200 tare.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kuɗin makaranta da na abinci da na magani sun samu, amma dole ta rarraba 'ya'yanta, waɗansu a makarantun kwana, waɗansu a wurin dangi, ba sa haɗuwa duka sai lokacin hutu. Baƙin ciki kuma bai ƙyale ta ba. 'Yarta Julie ta rasu a 1872, autanta Felix a 1879, ɗanta Ferdinand a 1891, ita ce kuma ta ɗauki nauyin 'ya'yan da Ferdinand ya bari. Wani ɗan nata, Ludwig, ya yi shekaru masu yawa a asibitin masu taɓin hankali. Ita kanta ciwon hannu ya kama ta wajen ƙarshen 1873, ta yi fiye da shekara ba ta iya kiɗa, sai a 1875, bayan an yi mata magani a garin Kiel, kana ta komo.

6. Yadda ta sāke tarukan kiɗa

Sa'ad da Clara take yarinya, abin da jama'a suka fi so shi ne makaɗi ya nuna bajinta: yatsu su yi ta gudu kamar walƙiya, a yi ta ƙara, a yi ta tafi. Ita ma irin wannan kiɗa ubanta ya fara sa ta yi, don shi ke kawo kuɗi. Amma da hankalinta ya nuna, sai ta ga yawancinsa kamar ganga ne, ƙara da yawa ciki ba kome.

Sannu a hankali ta riƙa cire irin waɗannan daga tarukanta, tana sa kiɗan manyan masu tsarawa: Bach, da Mozart, da Beethoven, da Schubert, da Chopin, da Mendelssohn, da na mijinta, da na Brahms. Da fari waɗansu suka ce wannan ya yi wa jama'a nauyi. Ta daure, har kunnuwan mutane suka saba, suka koma su ke neman irinsa. Tana kuma cikin na farko da suka riƙa yin kiɗa da ka a gaban jama'a, ba takarda a gabansu. Yau duk inda aka yi taron fiyano a duniya, kusan haka ake yi: makaɗi ya hardace kiɗan manyan masu tsarawa, ya fito ya kaɗa.

A ganinta makaɗi ɗan aike ne. Mai tsara kiɗa ya ba shi saƙo a takarda, aikinsa ya isar da shi yadda aka ba shi, ba ragi ba ƙari. Waɗanda suka gan ta sun ce takan fito da baƙaƙen tufafi, ta zauna a natse, ba ta wurga hannu sama, ba ta girgiza kai don a dube ta. So take mutane su tashi suna tunanin kiɗan.

Saboda wannan hali nata, Brahms yakan aika mata da sabon abin da ya tsara ta duba kafin a buga shi. Ita ce kuma ta shugabanci aikin tattara dukan kiɗan mijinta, aka buga shi littafi littafi daga 1881 zuwa 1893.

7. Malama a Frankfurt

Tun tana matar aure takan koyar jefi-jefi. Amma a 1878 aka buɗe sabuwar makarantar kiɗa a birnin Frankfurt, wadda ake kira da sunan Dokta Hoch, attajirin da ya bar dukiyarsa domin a kafa ta. Shugaban makarantar, Joachim Raff, ya roƙi Clara ta zama babbar malamar fiyano. Shekarunta 59 a lokacin. Ita kaɗai ce mace cikin manyan malaman. Ta yarda, amma da sharaɗi: za ta koyar a gidanta, sa'a ɗaya da rabi kowace rana, a kuma bar ta ta riƙa fita tarukan kiɗa. Aka amince. 'Ya'yanta mata biyu, Marie da Eugenie, suka zama mataimakanta, su ke fara gyara sababbin almajirai kafin su iso gabanta.

Almajirai suka zo daga Jamus, da Ingila, da Amurka, da sauran ƙasashe, yawancinsu 'yan mata. Ba ta cika koya wa mutum shi kaɗai ba. Sukan shigo biyu ko uku, ɗaya yana kiɗa sauran suna sauraro, domin kowa ya ƙaru da gyaran da aka yi wa ɗan'uwansa.

Ga manyan abubuwan da almajiranta suka ce ta koya musu. Na ɗaya, ka kaɗa abin da aka rubuta, gama duk abin da mai tsarawa yake so yana nan a takardar, ga wanda ya iya dubawa. Na biyu, yatsu su zauna kusa da madannai, a danna su, kada a ɗaga hannu a dake su, domin muryar ta fito da daɗi. Na uku, kada a yi gaggawa don nuna gwaninta, kada kuma a wuce wani wuri da ganganci wai don ba shi da muhimmanci. Na huɗu, ka saurari kanka, kunne shi ne alƙalin yatsa.

In kun lura, yawancin wannan daga wurin ubanta ta gada. Ita ma malama ce mai tsanani, ba ta yawan yabo, almajiri yakan yi kwanaki yana murna in ta ce masa ya yi daidai. Amma takan kula da lafiyarsu da inda suke kwana, takan gayyace su gidanta lokacin biki, in sun gama kuma ta rubuta wa mutanen da ta sani a buɗe musu hanya.

8. Ƙarshen rayuwarta, da abin da ta bari

A 1878 mutanen Leipzig suka yi mata bikin cika shekara 50 da fara fitowa, a zauren nan da ta fara. Taronta na ƙarshe ta yi shi a Frankfurt ran 12 ga Maris, 1891, tana da shekara 71. An adana takardun shirin tarukanta fiye da 1,300. Da tsufa ya kama ta kunnenta ya soma ba ta wahala, ta bar aikin makaranta a 1892, amma ta ci gaba da koya wa kaɗan a gida. A watan Maris na 1896 ciwon shanyewar jiki ya same ta, ta rasu ran 20 ga Mayu, 1896, tana da shekara 76. Aka binne ta a Bonn, kusa da mijinta. Brahms bai cika shekara guda a bayanta ba, shi ma ya rasu a 1897.

Ba a ɗauki kiɗan Clara a faifai ba, saboda haka ba mai rai a yau da ya taɓa jin yadda take kiɗa. Amma almajiranta sun kai zamanin faifai. Fanny Davies ta ɗauki kiɗan Robert Schumann a faifai a 1928. Adelina de Lara ta yi haka bayan 1950, tana da shekara wajen 80, ta kuma ba da labarin yadda malamarta take koyarwa. Mathilde Verne ta buɗe makarantar fiyano a Landan a 1909. Carl Friedberg ya haye teku zuwa Amurka, ya yi fiye da shekara 20 yana koyarwa a birnin New York. Su ma almajiransu suka koya wa waɗansu. Ta haka abin da wani uba ya koya wa 'yarsa a Leipzig ya bi hannu hannu har ya iso zamaninmu.

Mutanen Jamus ba su manta da ita ba. Daga 1990 hotonta ne a kan takardar kuɗinsu ta mak 100, har zuwa 2002 da suka koma amfani da Yuro. Kiɗan da ta tsara da kanta, wanda aka daɗe ba a kula da shi ba, yanzu ana kaɗa shi a ƙasashe da yawa. Gidan da ta fara zaman aure a Leipzig yana nan, an mai da wani sashe nasa gidan tarihi, a wani sashen kuwa akwai makarantar firamare mai sunanta, inda yara kamarku suke karatu.

To, yara, ku dubi wannan labari da kyau. Sarautar da aka ba ta a Biyana tana da shekara 18 ba ita ta ciyar da marayu 7 ba. Abin da ya ciyar da su shi ne sa'o'in nan uku na kowace rana, da ta yi tana yarinya, ta kuma ci gaba da yi har tsufa. Da ta riƙe abin da ta sani ita kaɗai, da an binne shi tare da ita a Bonn. Kowace irin sana'a mutum ya kama, ko saƙa, ko ƙira, ko malanta, hakkinta biyu ne a kansa: ya koye ta sosai, ya kuma koya wa na baya.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa a cikin fiyano in an danna madanni?
2. Mene ne bambancin mai tsara kiɗa da makaɗi?
3. Faɗi abu biyu masu kyau da abu ɗaya marar kyau game da koyarwar Friedrich Wieck.
4. Don me taron da Clara ta yi a Faris a 1832 bai cika ba?
5. Shekarun Clara nawa sa'ad da mijinta ya rasu, 'ya'ya nawa kuma ya bar mata?
6. Don me aka ce a ganinta makaɗi ɗan aike ne?
7. Kawo abubuwa huɗu da ta koya wa almajiranta a Frankfurt.
8. Tun da ba a ɗauki kiɗanta a faifai ba, ta yaya koyarwarta ta iso zamaninmu?

Aiki

Ka nemi Jamus a taswirar Turai, ka nuna Leipzig, da Dresden, da Frankfurt, da Bonn. Sa'an nan ka tambayi wani mai sana'a a garinku wa ya koya masa, shi kuma malamin nasa wa ya koya masa. Ka rubuta abin da ya gaya maka cikin layi goma.